Tsofaffin finafinan laifi na Birtaniya: da wanne zan fara?

Sadik_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Kwanan nan na faɗa kallon tsofaffin finafinan Amurka baƙi da fari, irin waɗanda ake kira film noir, masu ɗan sandan ciki da sigari a baki, da mace mai jefa namiji a rami. Wani abokina ya ce Turawan Ingila ma sun yi nasu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wai har sun fi na Amurka ɗaci. Ni dai The Third Man kaɗai na taɓa jin sunansa, shi ma ban kalla ba. Masu sanin harkar, da wanne zan fara? Data ta yi tsada, ba na son in sauke abin da zan kashe a tsakiya.

Malam_Isyaku:
Wa alaikumus salam. Sadik, fara da wanda ka ambata ɗin, shi zai gyara maka ido. Carol Reed ne darakta, Graham Greene ya rubuta labarin, ya fito a 1949. A Viyana aka ɗauke shi, babban birnin Ostiriya, lokacin da Amurka da Birtaniya da Faransa da Rasha suka raba garin kowa da yankinsa. Kangayen da za ka gani ɓarnar bama-bamai ce ta gaske. Wani marubucin ƙananan littattafai ɗan Amurka, Holly Martins, ya sauka a garin saboda amininsa Harry Lime ya yi masa alkawarin aiki, sai ya tarar ana binne aminin. An ce masa mota ce ta buge shi, amma bayanin shaidu ya ƙi haɗuwa, ya shiga bincike. Iya nan zan tsaya. Ka dai saurari kiɗan da kyau. Mutum ɗaya ne ya yi shi duka, Anton Karas, da wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa da ake kira zither. A Viyana Reed ya ji shi yana kaɗawa ya ɗauko shi.

Yarima_Jos:
Gaskiya ne Malam. Duk abin da Orson Welles ya shirya ai ba a magana. Wanda ya yi Citizen Kane ba zai yi abin banza ba.

Abba_Kyamara:
@Yarima_Jos, ba Welles ne ya shirya shi ba, fitowa kawai ya yi, kuma sai an ci kusan awa guda kafin a ga fuskarsa. Aikin na Reed ne da mai ɗaukar hotonsa Robert Krasker, wanda ya ci Oscar a kan wannan fim. Ni da nake riƙe kyamara, titunan ne suka tsaya mini a rai. Da dare suke ɗauka, sai a zo da tiyo a jiƙa duwatsun da aka shimfiɗa a titi, a kafa babbar fitila can nesa a bayan kusurwar gini. Ruwan ya mayar da hasken, kowane dutse ya fito ɗaya bayan ɗaya. Mutum in ya taho, inuwarsa ce ke riga shi isowa, ta haye bango. Akwai wani tsoho mai sayar da balan-balan, inuwarsa kaɗai ta isa ta sa gabanka ya faɗi. Ga kyamarar a karkace kusan ko'ina. Mu a lokeshan in dare ya yi sai mu haske ko'ina wai kada fuskar jarumi ta ɓace. Su duhun suke fara tsarawa, sannan su zaɓi inda haske zai faɗa.

Ummu_Khalil:
Don Allah a riƙa tausaya wa waɗanda ba su gani ba. Ga shi har an fara faɗin wa zai fito da kuma yaushe.

Abba_Kyamara:
Anti, sunansa na kan fosta tun 1949. Amma na ji, zan kiyaye.

Nas_Hauwa:
Ummu, ki yi haƙuri ki tsallake nawa, don ba zan iya maganar fim ɗin nan ban taɓo batun magani ba. Kowa kiɗa da inuwa yake yabo, ni asibitin ne ya hana ni sakat. Sana'ar Harry Lime ita ce a sato penisilin daga asibitocin soja, a sirka shi don ya yi auki, a sayar a kasuwar bayan fage. Wa ake yi wa allurar? Masu haihuwa, masu raunin da ya fara ruɓewa, da yara masu sanƙarau. Da jami'in sojan Birtaniya, Manjo Calloway, ya ga Holly na jan ƙafa a kan amininsa, ɗakin yaran ya kai shi. Ba a nuna mana yaro ko ɗaya ba, fuskar Holly kawai muke gani yana bin gadaje. Wanda ya yi aikin jinya a watannin zafi, lokacin da sanƙarau ke shigowa, ya kuma taɓa riƙe kwalbar allura yana shakkar abin da ke ciki, ya san wannan ɗakin. Shi ya sa wurin babban lilon nan mai juyawa na Viyana ke ƙona mini rai. Suna can sama, Lime, wanda ashe bai mutu ba, ya nuna mutane a ƙasa sun zama ɗigo-ɗigo, yana tambayar amininsa ko zai damu in ɗigo ɗaya ya daina motsi, idan za a biya shi fam 20,000 a kan kowanne. Yana faɗa yana murmushi, kuma abin tsoron shi ne mai kallo ya riga ya fara son sa.

Garba_Landan:
Ni fa zan saɓa wa Malam, da neman afuwa. The Third Man babban fim ne, a 1999 ma Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta sa shi na ɗaya a finafinan ƙasar 100 na ƙarni na 20. Amma Sadik finafinan Ingila ya ce yana son gani. To a nan garin na Ostiriya ne, Holly da Lime Amurkawa, jarumar 'yar Italiya, har da hannun furodusan Hollywood David Selznick a ciki. Ina Ingilar?

In kana son ka ga ƙasar yadda take a lokacin, nemi It Always Rains on Sunday na 1947, na Robert Hamer. Labarin yini ɗaya ne, ranar Lahadi, a unguwar Bethnal Green ta gabashin Landan. Googie Withers ce Rose, tana auren wani dattijo mai haƙuri, tana riƙon 'ya'yansa mata biyu, ɗaya ba sa ga maciji da ita. Da safe ta shiga 'yar rumfar ƙarfen da aka yi a bayan gida don ɓuya daga bama-bamai, sai ta tarar da tsohon saurayinta Tommy a ciki, jiƙe sharkaf, ya tsere daga kurkukun Dartmoor. Daga nan har dare aikinta ɗaya: ta ɓoye shi a ɗakin kwananta na sama, ta ɗebar masa daga ɗan abincin da gidan ke da shi, miji na ƙasa da jaridarsa, yara na shiga suna fita. Faranti ne da matakala da ƙofar ɗaki, amma gabanka zai yi ta faɗuwa. Ƙarshensa a filin ajiye taragun jirgin ƙasa ne da dare, Abba zai so wurin. Nakan bi ta Bethnal Green, ta canza ƙwarai, sai dai har gobe akwai layukan ƙananan gidajen bulo irin waɗancan.

Malam_Isyaku:
Garba, saɓanin nan mai amfani ne, ka taɓo asalin maganar. Abin da ya raba na Ingila da na Amurka shi ne rashi. Amurka ta fito daga yaƙi da kuɗi, ɓarawon fim ɗinsu banki yake hari ko kuɗin inshora. Birtaniya ta ci yaƙi amma ta fito da bashi, komai da katin rabo na gwamnati ake saye. Burodi, wanda ko a tsakiyar yaƙi ba a ƙayyade shi ba, sai da aka sa shi a kati daga 1946 zuwa 1948. Tufafi sai 1949 aka sake su, nama kuwa sai 1954. Ga sanyin farkon 1947 da ya zo da ƙarancin kwal. A wannan hali 'yan kasuwar bayan fage suka yi kaka-gida, masu kwat mai faɗin kafaɗa da siririn gashin baki, su ne za su samo maka sigari ko safar mata ko katin jabu. Kuma mutanen kirki ne ke saye a hannunsu. Shi ya sa a waɗannan finafinai da wuya ka ware mugu gefe guda ka ce ga shi can.

They Made Me a Fugitive na 1947 ya fi kowanne nuna wannan. Daraktan, Alberto Cavalcanti, ɗan Burazil ne. Trevor Howard, wanda ya fito a Calloway, a nan tsohon sojan sama ne da ya dawo gida ya rasa abin yi, ya shiga wata ƙungiya da ke fakewa da shagon shirya jana'iza suna safarar kayan sumoga a akwatin gawa. Da ya ga an fara haɗawa da miyagun ƙwayoyi ya ce ba da shi ba, sai suka ɗora masa kisan ɗan sanda.

Jikan_Soja:
Malam, maganar sojan da ya dawo ya rasa abin yi ta taɓa ni. Kakana na cikin waɗanda aka kai Bama. A gida ana cewa da ya dawo ya daɗe bai iya zama wuri ɗaya ba, kuma ba ya son a tambaye shi. Ban taɓa kawo wa raina cewa su ma Turawan da suka kai su sun koma gida da irin wannan ciwon ba. Zan nemi wannan.

Maryama_Damagaram:
Ina mamakin yadda aka yi nisa haka ba wanda ya ambaci Brighton Rock. Daga littafin Graham Greene ne na 1938, John Boulting ya ba da umarni, ya fito a 1948. Wanda ya san Richard Attenborough a tsoho mai farin gemu na Jurassic Park, ko a matsayin wanda ya shirya Gandhi, ba zai yarda shi ne wannan yaron ba. Pinkie ɗan shekara 17 ne, shugaban 'yan daba masu karɓar kuɗi a filin sukuwa, makaminsu reza. Ba ya shan giya, fuskarsa ba ta motsi, kullum yana wasa da wani zare a tsakanin yatsunsa. Kuma duk a garin shaƙatawa na bakin teku ake yin wannan, da rana tsaka, jama'a na nishaɗinsu.

Wadda ta fi ci mini rai Rose ce, yarinya mai kai abinci a gidan shayi. Ta ga abin da zai iya kai shi ga igiya, shi kuma ya aure ta don doka ba ta tilasta wa mace ba da shaida a kan mijinta. Ita ta ɗauka so ne. Ta roƙe shi ya ɗaukar mata muryarsa a faifan garmaho, ya shiga 'yar rumfar ɗauka, tana kallonsa ta gilashi tana murmushi, shi kuwa zaginta yake yi a ciki. Ba su da garmaho, don haka ba ta ji ba. Masu gudun a ɓata musu su tsaya nan. Bayan ya mutu ta sa faifan, amma ya riga ya karce, allurar ta maƙale a kan kalmomin soyayyar da suka zo kafin zagin, tana ta maimaita su. Ni ban ga rahama a nan ba. A littafin an bar ta tana tafiya gida za ta ji duka, kuma wannan ya fi gaskiya.

Ummu_Khalil:
Wannan kam na gan shi. Yaya Maryama, na saɓa miki. Yarinyar nan ba ta da kowa, ba ta da komai sai wannan zaton. Mene ne ribar a ƙwace mata shi tana tsakiyar makokinsa? Na yi kuka a wurin, kuma na gode wa wanda ya sa allurar ta maƙale.

Maryama_Damagaram:
Ƙanwata, ai faifan na hannunta. Wata rana za ta ɗaga allurar ta tura ta gaba. Jinkirta mata kawai aka yi, kafin nan kuma za ta ƙara shekaru tana son wanda ya so ta kashe kanta.

Direba_Lawwali:
Salamu alaikum. Ni direban tifa ne, Turancina kaɗan ne, amma akwai wanda ƙanena ya sa mini a waya, Hell Drivers na 1957, ban ga kun kawo shi ba. Stanley Baker ya fito daga gidan yari ya samu aiki a kamfanin jigilar tsakuwa. Dokarsu, in ba ka yi sawu 12 a rana ba a sallame ka. Hanya ƙarama mai kwana-kwana, mota ba isasshen birki. Ga shugaban direbobi, Red, ba ya yarda kowa ya wuce shi, in ka matsa ya tura ka daji. Daga baya ta fito cewa shi da manaja ke cin albashin direbobin da babu su, shi ya sa ake matsa wa waɗanda ke nan. Wallahi ko ban ji abin da suke faɗa ba na gane komai. Duk inda ake biyan direba da sawu, an riga an danne masa ƙafa a kan totur. Na ga yaro ya rasa ransa a kan sawu ɗaya da yake son ƙarawa kafin magariba. Akwai wani Gino ɗan Italiya a ciki, mai addini, mai kirki, shi abin ya ci.

Yarima_Jos:
Lawwali, wannan ai fim ɗin mota ne, ba noir ba. Yawancinsa da rana aka yi. In haka ne kowane baƙi da fari sai mu zuba shi a jerin.

Abba_Kyamara:
Ta fuskar hoto Yarima na da hujja, kuma an ƙara wa gudun motocin sauri, ido na ganewa. Amma ai Brighton Rock ma da rana ne. Ni abin da nake dubawa shi ne mutumin da bayansa ke bin sa, duk inda ya sa ƙafa sai abin da ya aikata ya cim masa. A wannan ma'auni fim ɗin Lawwali ya shiga. Sadik, in ka kalla ka duba cikin direbobin, akwai Sean Connery yana saurayi, shekara 5 kafin ya zama James Bond.

Shamsu_Kumasi:
Gaisuwa daga Zango. Nawa shi ne Night and the City na 1950. Richard Widmark ne Harry Fabian, ɗan kamasho mai janyo wa gidan rawa baƙi, kullum da sabuwar dabarar da za ta mai da shi attajiri gobe. Wannan karon so yake ya ƙwace harkar kokawa ta Landan daga hannun wani Kristo, ta hanyar yaudarar mahaifin Kristo ɗin, tsohon ɗan kokawa mai ganin abin da ɗansa ke shiryawa wasan yara ne. Wanda ya fito a tsohon, Stanislaus Zbyszko, tsohon zakaran kokawa ne na duniya ɗan Poland, yana wajen shekara 70 a lokacin. Akwai kokawar da ya yi da wani ƙato a ɗakin atisaye, ba taron 'yan kallo, sai nishi da gumi. Tsohon ya yi nasara amma jikinsa bai ɗauka ba. Daga nan Kristo ya sa kuɗi a kan Fabian, mabarata da 'yan sumoga da masu jabun takardu, waɗanda jiya abokansa ne, duk suka bazama nemansa. Kowace unguwa na da Fabian nata: mai baki, mai kai, ya ci bashin wannan ya biya wancan, kuma wadda ya fi cutarwa ita ce mai son sa.

Malam_Isyaku:
Shamsu, akwai labari a bayan wannan fim. Lokacin ne ake farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci a Hollywood, wanda aka sa sunansa ba ya ƙara samun aiki. Daraktan, Jules Dassin, na gab da faɗawa, shugaban sashen shirya finafinai na kamfanin Fox Darryl Zanuck ya tura shi Landan ya yi maza ya fara ɗauka. Cy Endfield na fim ɗin Lawwali shi ma wannan ne ya kore shi zuwa Ingila. Wanda ake farauta ne ya shirya fim a kan wanda ake farauta, ina ganin shi ya sa gudun Fabian ya yi kama da gaske. Kwafi biyu ne kuma, na Amurka da na Birtaniya, kowanne da kiɗansa.

Sadik_Fagge:
Kai jama'a, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Tambaya biyu. Turancinsu ana ji kuwa? Na Amurka ma sai na sa rubutu a ƙasa. Sannan duk Landan ɗin nan babu baƙar fata ne a lokacin?

Garba_Landan:
Sa rubutun ƙanena, kada ka ji kunya. Bakin gabashin Landan da na 'yan dabar Brighton Rock cike suke da sara irin ta 'yan unguwa. The Third Man ya fi sauƙi, Jamusancin da ke ciki kuma an bar shi ba fassara, ka ruɗe tare da Holly. Ka kula, akwai kwafin Amurka da aka rage wa minti 11, nemi cikakken na Birtaniya.

Baƙar fata kuwa akwai. Pool of London na 1951, na Basil Dearden. Earl Cameron, haifaffen Bermuda, shi ne Johnny, ma'aikacin jirgin ruwa ɗan Jamaika da jirginsu ya tsaya a Landan na ƙarshen mako. Abokin aikinsa ya ba shi ƙunshi ya shigar masa jirgi, bai san lu'ulu'un sata ba ne. A gefe kuma yana ɗan yawo da wata Baturiya mai sayar da tikiti a gidan wasa, hira ce kawai, amma za ka ga irin kallon da ake masa da maganar da ake jefa masa. Yana cikin finafinan Birtaniya na farko da baƙar fata ya samu babban matsayi haka. Cameron ya rasu a 2020 yana da shekara 102. Dearden ya sake ɗaukarsa a Sapphire na 1959, shekara guda bayan rikicin launin fata na unguwar Notting Hill a Landan, ya fito a likita, yayan wata ɗaliba da aka kashe wadda mutane ke ɗauka Baturiya ce. Wannan mai kala ne. Orlando Martins ɗan Legas ma ya ɗan fito a ciki.

Nas_Hauwa:
Tunda an zo kan waɗanda ba a cika ambata ba, a sa Yield to the Night na 1956. Diana Dors, wadda aka sani da kwalliya, ta wanke fuska ta fito a matar da ta harbe wata mace aka yanke mata hukuncin rataya. A gabanmu ta yi kisan tun farko, ba a ɓoye ba. Yawancin fim ɗin a ɗaki ɗaya ne. Ba a kashe fitila dare da rana, gandirobobi mata na zaune da ita kullum, ga wata ƙofa a bango da ba ta da mariƙi, kowa ya san inda ta nufa. Suna duba lafiyarta, suna lallashinta ta ci abinci, don ta kai ranar da ƙafarta. Wannan ya dame ni ƙwarai a matsayina na mai jinya. Ana yawan cewa labarin Ruth Ellis ne, mace ta ƙarshe da aka rataye a Birtaniya a 1955, amma littafin Joan Henry da aka ɗauko shi ya riga wannan shari'ar.

Malam_Isyaku:
Na bar nawa sai yanzu don ina son Sadik ya fara da mai sauƙin shiga. In za a bar mini ɗaya tak, Odd Man Out ne na 1947, Reed da Krasker ɗin dai, shekara 2 kafin Viyana. Garba, ga na cikin gida, ko da yake Ayilan ta Arewa ce. Ba a faɗi sunan garin ba, ba a faɗi sunan ƙungiyar ba, amma kowa ya san Belfast ce. James Mason ne Johnny McQueen, shugaban 'yan gwagwarmaya da ya daɗe a ɓoye a ɗaki. Suka je fashi a wata masaƙa don samar wa ƙungiya kuɗi, jiri ya ɗebe shi a bakin ƙofa, ya kashe mutum, shi ma aka harbe shi, ya faɗo daga motar da suke gudu. Daga la'asar zuwa sha biyun dare yana jan jiki a gari, jini na zuba, ruwan sama ya koma dusar ƙanƙara.

Jarumin kusan ba ya magana, fim ɗin a kan waɗanda suka tsince shi ne. Wasu mata biyu suka shigar da shi gida suka fara ɗaure raunin, da suka gane ko wane ne sai hankalinsu ya rabu. Mai keken doki ya tarar da shi a kekensa ya je ya sauke shi a wani lungu. Mai mashaya ya ɓoye shi don kada a ce a wurinsa aka kama shi. Wani talaka mai kiwon tsuntsaye na neman wanda zai biya shi. Wani mai zane kuma so yake ya zana idon mutumin da ke mutuwa. Suna tsoron miƙa shi, suna tsoron riƙe shi, in ban da Kathleen, yarinyar da ke son sa. Duk sanda na kalla sai in tambayi kaina wanne ne ni a cikinsu in an buga mini ƙofa da dare. Shi ya fara cin kyautar BAFTA, babbar kyautar finafinai ta ƙasar, a matsayin fim ɗin Birtaniya mafi kyau.

Garba_Landan:
Wannan kam ban ja ba Malam. Sai dai har yanzu ina kan bakana, Rose da farantinta sun fi nuna mini Ingila.

Abba_Kyamara:
Sadik, duk wanda ka zaɓa, kalle shi da dare, ka kashe fitilar ɗaki, in da hali a allo mai ɗan girma. A waya da rana rabin aikin Krasker ba ya fitowa.

Yarima_Jos:
Ni dai Hell Drivers bai shiga jerina ba. A sa Brighton Rock a sama, sai Night and the City.

Direba_Lawwali:
Yarima, kalli nawa har ƙarshe tukuna, wurin da motocin biyu suka bi gajeriyar hanyar da ke bakin ramin dutse, sannan ka dawo mu yi magana. Malam, wancan na Belfast ɗin ana samun sa da rubutu a ƙasa? Ƙanena zai riƙa karanta mini.